Kofin Hanya

Ni ce mace ta uku da ta zauna a bakin murhun nan. Kakata ce ta fara hura shi, innata ta karɓa, ni kuma na gada tun ina goyon 'yata ta fari, ga shi yanzu ita ma tana da nata goyon. Kada wani ya zaci wani babban gini nake nufi. Rumfar shayi ce: ginshiƙan itace, rufin kara da tsofaffin buhuna, da tsohon gawo a bayanta, a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke gaɓar kogi, ba nisa da garin Suki, nan gabas mai nisa da ƙasar Hausa. Larabawa maƙwabtanmu suna ce mata rakuba, mu muna ce mata rumfa, kuma in mutum ya ce a same shi a rumfa ba a tambayarsa wace.

Da an idar da sallar asuba nake hura gawayi. Kafin rana ta taɓa kan gawo na jera kwalabena, citta da kanumfari da kirfa da na'ana'a, na zube bambar, 'yan kujerun nan na igiya da muke zama a kai. Rumfar tana da dokokinta, ba wanda ya rubuta su, ba kuma wanda ya isa ya karya su ina numfashi. Ba a neman shayi kafin gaisuwa. Wanda ya faɗo mini da "shayi da madara" ba sallama, sai in zama kurma har ya tuna tarbiyyar gidansu. Ba a ƙulla ciniki ko maganar aure kafin a shanye kofin farko. Dattawa suna zama ta yamma, gindin gawo. Samari suna ta gabas, kusa da inda na ɗaura allon nan mai ɗaukar hasken rana, suna cajin wayoyinsu suna zuba Larabci kamar ba Hausa aka yi musu huɗuba da ita ba. Ina yi musu tsiya a kan haka kullum, su amsa mini da "malesh ya hala", wato in yi haƙuri, gobe kuma su sake.

Mu ba da shayi muka zo ƙasar nan ba, da fura da kunu muka zo. Kakata a goye aka fito da ita daga ƙasar Sakkwato, lokacin da Nasara suka shigo, iyayenta suka ce ba za su zauna a ƙarƙashinsu ba, suka miƙi gabas da niyyar Makka. A hanya aka yaye ta, a hanya ta koyi daka. Sun iso bakin kogin nan tana budurwa, guzuri ya ƙare, aka ce a tsaya a yi damina ɗaya a samu kuɗin jirgin ruwa. Daminar ce ba ta ƙare ba har yau. Mazan suka shiga haƙar magudanan ruwa da tsinkar auduga, matan suka kafa kasko. Kakata ta fara da kunu da ƙosai a gindin gawon nan, daga baya ta lura mutanen ƙasar ba sa gane safiya sai da jan shayi, ta koya, har ta fi masu shi iyawa.

A zamaninta rumfar nan ita ce ƙofar gari. Duk wanda ya taho da ƙafa daga yamma, Bakano ko Bakatsine ko Bazamfare, a nan yake fara sauke kayansa. A nan yake jin ko ƙaninsa da ya riga shi fitowa ya wuce ko an binne shi a wani ƙauye. A nan masu gonaki ke zuwa neman hannu in auduga ta fashe. Innata ta ce mini akwai mutumin da ya zauna shan shayi, ya ji wani a bayansa yana yi wa jakinsa faɗa da muryar da ya sani, ya waiwaya ya ga ɗan'uwansa ne uwa ɗaya da suka rabu tun suna samari. Kakata ba ta daina kaɗa shayinta ba, ta ce su matsa gefe su yi kukansu kada su zubar mata da madara.

Saboda waɗannan matafiya ne aka rataye kofin hanya. Kofi ne na tasa, babba, mai mariƙi, bakinsa ya ɗan lotse. Da shi uban kakata ya sha ruwan kowace rijiya daga gida har nan. Yana rataye a ƙusa a ginshiƙin yamma. Kowa a rumfa a ɗan ƙaramin gilashi yake sha, ban da mai wucewa. Shi a kofin hanya ake zuba masa, a cika masa sukari, ba a karɓar komai nasa, ba a tambayar sunansa sai ya shanye. A tsaye yake sha, da takalminsa a ƙafa. In ya gama, shi da hannunsa zai mayar da kofin kan ƙusa, duk wanda ke rumfar kuma ya ce masa, "Allah shi kai ka."

Masu tafiyar ƙafa sun daɗe da yankewa, jirgin sama ya ɗauke su ta samanmu. Amma kofin yana da rana guda a shekara da ba ta taɓa faɗuwa ba. Kashegarin ƙaramar salla, lokacin da a zamanin da ayari ke haramar ƙarasa tafiya Makka, dattawanmu sukan taru a rumfa. In sauko da kofin in cika. Babbansu ya miƙe tsaye ya ce, "Ina bisa niyyar Ɗakin Allah, in ya ba ni iko," ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka zai zaga. Shi muke kira shayin niyya. Ma'anarsa ita ce ba mu zauna ba, hutawa muke, muna kan hanya.

Ina yarinya abin dariya yake ba ni. Mutum da gonarsa, da jikokinsa, da kabarin ubansa da na kakansa a bayan gari, da bishiyar darbejiyar da ya dasa har ta fi ɗakinsa tsawo, ya miƙe yana dogara sanda yana cewa yana kan hanya. Da na girma na daina dariyar, ban kuma taɓa tunanin wata rana za a ɗauki maganar nan a doke mu da ita ba.

Shekarar da abin ya faru, an kafa lajna, wato kwamitin gyaran kasuwa, wadda ta haɗa ƙauyenmu da na maƙwabta. Za a gina shagunan jan bulo a jere, a fitar da hanyar mota. Ban ƙi ba, ni ma na gaji da taɓo. Wata safiya kafin azumi na fito na tarar an zuba farar ƙasa a layi, an kafa turaku, layin kuwa ya ratsa ta tsakiyar rumfata, daidai inda nake ajiye murhu.

Shugaban lajnar, wanda ake kira rayyis, ba baƙona ba ne. Balarabe ne na ƙauyen da ke gefenmu, sa'ana, mai sayar da iri da taki. Yana yaro ya ci ƙosan innata har ya gaji, a rumfar nan ya tsinci 'yar Hausarsa mai karkataccen baki. Da hantsi ya zo, ya yi sallama yadda ya kamata, na zuba masa shayinsa da kirfa yadda yake so. Na bari ya shanye, don doka doka ce ko a kan wanda ya zo rusa ka. Sannan na nuna masa layin da cokali.

Da Larabci muka yi magana. Ya ce in kwantar da hankalina, ba korata ake ba, an ware mana wuri a baya. Na san bayan da yake nufi, kusa da turken jakuna, inda ƙuda ke da sarauta. Ya ce gaban kasuwa na 'yan ƙasa ne mazauna, masu wucewa kuma a ba su wuri na wucin gadi.

Na ce, "Wa ke wucewa a nan, ya rayyis? Uwata a ɗakin can aka haife ta. Kai da kanka ka ɗauki makararta."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga haɓa ya nuna ginshiƙin yamma. Ya ce, "Ba ni na faɗa ba, ya hajja, ku kuka faɗa. Tun ina yaro nake ganin dattawanku suna shan wancan kofin duk shekara suna rantsuwa kan hanya suke. Ya zan ba da wuri na dindindin ga mutanen da ke cewa gobe za su tafi? Lajna za ta yanke magana bayan salla. Kashegarin salla za mu zo mu sha shayi a nan, kowa ya gani da idonsa."

Na sha jin kalmar baƙi a bakin mutane, a mota, a ofis, a layin asibiti, har fatata ta yi kauri. Amma ranar ta shige ni, domin a rumfarmu ya koyi abin da ya sare ni da shi. Na shiga kwashe gilasai, ɗaya ya faɗi ya fashe, na bi shi da zagin da ban san ina da shi ba.

Azumi ya kama, rumfa ta koma ta bayan shan ruwa, maganar kuma ta cika gari. Samarin gabas suka ce a ɓoye kofin, in lajna ta zo a ce ai an daɗe da barin wannan. 'Yata ta ce haka ma, da Larabcinta, ta ce mene ne a cikin tsohuwar tasa da za mu rasa abincinmu a kanta. Ni ɓoyewa ma ba ta ishe ni ba. Wata la'asar na cire shi daga ƙusa, na ƙunshe a gefen mayafina, na nufi kogi. Na yi niyyar in wurga shi inda ruwa ya fi zurfi, ya tafi Makkan shi kaɗai tunda shi ne mai hanya.

Hanyar kogi ta ƙofar kawuna take bi. Shi ne yayan innata, ɗan kakata na fari, shi ne kuma babban dattawan da suka rage, mai fara shan kofin. Idonsa ya yi rauni, kunnensa kuwa ko kiyashi ya taka ganye sai ya ji. Yana kan tabarma a inuwa yana jan carbi. Mariƙin kofin ya bugi awarwarona, ƙwal.

"Ke! Mi kika ɗauke da shi?"

Na tsaya. Na ce, "Kawu, ina wuni, ya ibada?"

"Lahiya lau. Ban tambaye ki wuni ba. Ƙarar kohin kakana ta, na san ta tun ba a haihi uwarki ba. Ina za ki da shi?"

Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ce kofin nan shi ne wuƙar da aka samu a kanmu. Da yake bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci, na ƙara da cewa, "Kawu, shekara nawa kana niyya? Ko garin Sinnar, nan kusa da mu, ba ka wuce ba. Ku kuna wasa da kohi, ni za a kai wurin jakkai. Ya isa, a bar abin ga hakanan."

Maganar na fita na fara jin kunya. Sannan ya miƙo hannu, na ɗora masa kofin, ya shafa lotsewar bakin da babban yatsa.

"Ɗiyata, wanda yat taho da wanga kohi, cewa anka yi shi duƙa ma wani, yaƙ ƙiya. Shi yas sa munka zo nan. Yanzu ke kuma kina so in duƙa ma mai saida taki? In kin jehwa shi ruwa, kin ce musu abin kunya na muka yi shekara da shekaru. Kin ce gaskiya ag gare su. Ni ko in za a tada garin ga duka, kashegarin salla ina sha."

"In ka sha, sun samu shaida, Kawu."

"Su samu. Ba don su nika sha ba."

Na koma da kofin na rataye, ba don ya gamsar da ni ba, sai don ba a ƙwace abu a hannun kawu. Sauran azumin nan da fushi biyu na yi shi, na rayyis da na tsohon. Duk ta inda na juya abin, asara nake gani. In an sha, rumfa ta tafi. In ba a sha ba, mun tsaya a wurinmu amma da kai a sunkuye, kuma duk ɗan da ya wuce zai san an taɓa tsorata mu mun ɓoye kayan kakanninmu. Ban samo dabara ba, kada wani ya ce na kwana ina ƙulla ta.

Kashegarin salla rumfa ta cika ta batse, har a kan tushen gawo mutane suka zauna. Mata sun tsaya daga nesa da sababbin tufafi, yara na ta karakaina da zalabiya, fanken ƙasar nan, a hannu. Lajna ta zo, rayyis a gaba da farar jallabiya da rawani kamar ango, mutanensa a baya. Na ba su bambar mafi kyau, na zuba musu shayi a gilasai, na ajiye musu faranti na ƙosai. Ba za a ce an zo rumfar kakata an tashi da yunwa ba.

Da gilasai suka dawo, kawu ya buga sandarsa a ƙasa. Na sauko da kofin, na ɗauraye, na cika shi da jan shayi, na kai masa. Wani jikansa ya zo zai tallafe shi, ya ture hannun. Da ƙyar ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya faɗa da ƙarfin da ban san ya rage masa ba: "Ina bisa niyyar Ɗakin Allah, in ya ba ni iko." Ya kurɓa. Aka ce, "Allah shi kai ka," amma a sanyaye, kamar ana ta'aziyya. Sauran dattawan, 'yan kaɗan ne, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya noƙe ya ce cikinsa ba daɗi, ban manta da shi ba har yau.

Ina kallon rayyis. Ya juya ya dubi mutanensa, ya ɗan buɗe tafin hannu, wato kun gani. Ɗaya daga cikinsu, mai ƙuruciya, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton tsofaffinmu suna sha, don a kai gaba a nuna. Wannan wayar ce ta ƙarasa ni. An mayar da kawuna abin kallo a rumfar uwarsa. Kofin ya dawo hannuna ba komai a ciki. A nan ne, ina tsaye da shi, kalmomin da na ji tun ina yarinya suka faɗo mini kamar yau na fara jin su. Babu tafiya a cikinsu, babu barin gari, babu yamma babu gabas. Ɗakin Allah kawai aka ambata.

Na koma murhu, na ɗauki butar da ke kan wuta tana tafasa, na cika kofin har baki, na zuba sukari. Na ratsa tsakiyar mutane na tsaya a gaban rayyis, na miƙa masa da hannu biyu. Da Larabci na yi magana, da ƙarfi, don na baya su ji.

"Tafaddal, ya rayyis. Saura kai."

Ya yi murmushi ya ɗaga hannu. "A'a, ya hajja, wannan naku ne. Ni ba mai wucewa ba ne. Kakannina a ƙasar nan..."

"Ban tambaye ka kakanninka ba. Ka iya Hausa, ka ji abin da kawuna ya faɗa. Fassara wa mutanenka. Me ya ce?"

Wani dattijo a cikin lajnar ya ce masa, me ya ce? Dole ya fassara: ya ce yana da niyyar Ɗakin Allah in ya samu iko.

Na ce, "Shi ke nan abin da ake faɗa a kan kofin nan, tun kafin a haife ni da kai. Duk kasuwar nan ya hajj ake ce maka don girmamawa, ni da kai mun san ba ka je ba tukuna. To, ga kofi. In kana da niyya, miƙe ka sha. In ba ka da niyyar Ɗakin Allah, faɗa da bakinka a gaban jama'a, kashegarin salla, in mayar da kofina kan ƙusa."

Ido ya koma kan rayyis. Mai wayar bai sauke ta ba, ya manta, yanzu kuma fuskar shugabansa take kallo. Dattijon nan na lajna ya ce a hankali, "Astagfirullah, wane Musulmi zai ce ba shi da niyya?" Kofin yana ƙona mini yatsu, ban motsa ba. Da zai kai azahar bai karɓa ba, da zan kai azahar a tsaye.

Ya dube ni. Kallon da ya yi mini ba na shugaban lajna ba ne, na yaron nan ne da innata ke kora daga bakin kasko. Ya miƙa hannu zai karɓa a zaune.

Daga gindin gawo kawu ya ce, "Tsaye aka sha."

Ya miƙe. Ya faɗi kalmomin da karkatacciyar Hausarsa, ya kai kofin baki. Na san shayin nan ya ƙone masa harshe, don ni na zuba shi, kuma ban yi nadama ba. Ya daure ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya miƙo mini, na maƙe hannu a baya, na nuna masa ƙusa. Ya san doka. Ya taka da farar jallabiyarsa har ginshiƙin yamma, ya tsallake layin farar ƙasarsa, ya rataye kofin da hannunsa.

Ba wanda ya ba da umarni. Rumfar gaba ɗaya, dattawa da mata da samarin nan da ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa, suka ɗauka da murya ɗaya: "Allah shi kai ka!" Mutumin da ya zo ya ga shaidar tafiyarmu, shi muka yi wa addu'ar matafiyi. Ba yadda zai yi, ya ce amin. Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, dariya ta ɓarke har cikin 'yan lajnar.

Ba zan ce mun ci duka ba. Ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri, ba wanda ya ce wurin nawa ne har abada. Bayan 'yan kwanaki dai na fito na ga an tuge turakun an sake kafa su, layin ya lanƙwasa ya zagaye murhuna da gawo. Sun yanke mini gefen gabas, inda samari ke zama, yanzu bangon wani shago ne a wurin, yana tare mini iskar safe. Samarin sun matso sun cakuɗe da dattawa, dole suna jin Hausa ko ba sa so. Rayyis ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Ranar da ya dawo ya yi sallama, na zuba masa da kirfa a ɗan gilashi, ba mu tada maganar ba, ba mu kuma taɓa tada ta ba.

Kawu bai ga wata ƙaramar sallar ba. Da sanyi ya kwanta, muka kai shi bayan gari kusa da uwarsa. Bai wuce Sinnar ba har ya koma ga Allah, na kuma yi kukan maganar da na faɗa masa a kan haka fiye da yadda na yi kukan mutuwar.

Kashegarin ƙaramar sallar da ta biyo, mutane suka taru kamar kullum. Na sauko da kofin na cika, na tsaya ina jiran wanda zai buga sanda. Dattawan da suka rage suka yi ta kallon juna, kowa na jiran wani, wanda ya yi ciwon ciki bara kuwa har da duban ƙasa. Shayi na hucewa a hannuna. Mace ba ta taɓa shan kofin hanya ba, kakata da ta rataye shi ma ba ta taɓa kai shi baki ba. Na ja bambar ɗina zuwa bakin murhu, na zauna daram, na tuɓe takalmana na ajiye gefe.

Wani tsoho ya ce, "Ke, tsaye aka sha."

Na ce, "Mai wucewa shi ka sha tsaye, Baba."

Na ɗaga kofin da hannu biyu yadda kawu ke yi. Na ce, "Ina bisa niyyar Ɗakin Allah, in ya ba ni iko." Aka fara cewa Allah shi kai ki, na ɗaga hannu na tsayar da su, don ban gama ba. Na dafa ƙasar rumfar da tafin ƙafata, na ce, "In je, in dawo nan."

'Yata ce ta fara amsawa daga cikin mata, da goyonta a baya, kuma da Hausa ta amsa: "Allah shi kai ki, Inna, shi maido ki gida."